Yini ɗaya a babban birni daga jirgin ruwa: me za ka gani, kuma yaushe za ka juyo?

Wani bawan Allah ya yi tambaya cewa zai shiga jirgin ruwa na yawon buɗe ido a tekun Bahar Rum tare da maiɗakinsa da mahaifiyarsa, wadda tafiya mai nisa ta fara yi wa wuya. A jadawalin tafiyar an rubuta cewa jirgin zai tsaya a Rum daga ƙarfe 7 na safe zuwa ƙarfe 7 na yamma, bayan 'yan kwanaki kuma ya tsaya a Atina, babban birnin Girka. Yana so ya san ko ya sayi rangadin da kamfanin jirgin yake sayarwa, ko kuwa su fita da kansu, da kuma abin da za su iya gani a yini guda.

Malam, abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, awa 12 ɗin da ka gani a takarda ba naka ba ne gaba ɗaya, kuma jirginku ba zai shiga Rum ba. Birnin Rum ba a bakin teku yake ba. Manyan jiragen suna tsayawa ne a Civitavecchia, tsohuwar tashar da sarkin Rumawa Tarajan ya gina a farkon ƙarni na 2, kuma tsakaninta da tsakiyar Rum akwai kimanin kilomita 80. Idan ka sake duba jadawalin da kyau, za ka tarar da sunan tashar a gefen sunan birnin, domin kamfanonin sun san sunan babban birni ne yake jawo fasinja, shi ya sa suke sa shi a gaba. Saboda haka duk lokacin da ka ga sunan babban birni a jadawalin jirgin ruwa, tambayar da za ka fara yi ita ce: tafiyar minti nawa ce daga matakalar jirgi zuwa abin da nake son gani? Amsar wannan tambayar ce take yanke hukunci a kan dukkan sauran shirin.

Biranen ba ɗaya suke ba a wannan fuska. Akwai waɗanda jirgi yake ajiye ka a ƙofarsu, kamar Valletta ta ƙasar Malta, inda za ka sauka a bakin ruwa ka hau lif mai tsayin mita 58 ka tsinci kanka a cikin gari, ko Lisbon, inda tashar take a gindin tsohuwar unguwar Alfama. Akwai na tsakiya kamar Atina, wadda tasharta ta Piraeus take da nisan kimanin kilomita 10 daga tsakiyar gari. Sai kuma masu nisa sosai: daga Le Havre zuwa Paris kimanin kilomita 200 ne, daga Iskandariya zuwa Alƙahira ya ɗara hakan, daga Warnemünde zuwa Balin kuwa tafiyar kusan awa uku ce zuwa, uku dawowa. Rum tana tsakanin rukuni na biyu da na uku, wato tana da kusancin da zai sa mutum ya ce zai iya zuwa da kansa, tana kuma da nisan da kuskure ɗaya zai iya raba shi da jirginsa. Irin wannan tashar ce ta fi bukatar lissafi.

Lissafin kuwa daga ƙarshe ake fara shi. Idan jirgi zai tashi ƙarfe 7, yawanci ana so kowa ya kasance a ciki kafin 6 da rabi, kuma ana rubuta wannan lokacin a wani allo a bakin matakala da cikin takardar shirin yini da ake kawo muku ɗaki tun daren jiya. Ni kuwa ba na yarda mutum ya ɗauki 6 da rabi a matsayin lokacinsa. Lokacinka shi ne 5 da rabi, awa ɗayan da ta rage ta tsautsayi ce. Domin ka kasance a jirgi ƙarfe 5 da rabi, dole ka iso ƙofar tashar wajen ƙarfe 5, tunda tashar tana da girma kuma sai an ɗauke ku a bas zuwa inda jirgin yake. Wannan yana nufin barin Rum wajen ƙarfe 3 da rabi. Da safe kuma, ko da jirgi ya ɗaure ƙarfe 7, ba a buɗe ƙofa sai hukumomin tashar sun ba da izini, sannan a bi layin fita, a hau bas zuwa bakin tasha, a kama hanya. Mai hanzari ne yake taka tsakiyar Rum ƙarfe 9 da rabi. Ka ga ke nan awa 12 sun koma shida, idan kuma ka cire cin abinci da hutawa da neman bayan gida, abin da ya rage na kallo bai fi awa huɗu da rabi ba. A kan waɗannan awowin za ka gina shirinka.

Kada ka ɗauka kyaftin zai jira ku don kun makara da minti ashirin. Jirgin yana da lokacin da aka ba shi a matsayarsa, akwai matuƙin tashar da aka tsara zai fitar da shi, akwai kuma nisan da dole ya ci kafin gari ya waye a tasha ta gaba, kuma kowane jinkiri yana nufin ƙara gudu da ƙona mai. Suna sane da wanda bai dawo ba, domin ana duba katin kowane fasinja a na'ura lokacin fita da lokacin shiga. Za ka ji ana kiran sunaye a lasifika sau ɗaya ko sau biyu, wani lokaci ma'aikata su buɗe akwatin ajiya na ɗakin mutum su ɗauko fasfonsa su miƙa wa wakilin kamfanin da ke tashar, sannan a janye matakala. Wanda ya taɓa tsayawa a saman jirgi a irin wannan lokacin ya ga yadda ake kwance igiyoyi ɗaya bayan ɗaya, ruwa ya fara buɗewa tsakanin jirgi da gaɓa, can sai ga mutum biyu sun ɓullo da gudu riƙe da jakunkunan tsaraba suna ɗaga hannu. Daga nan kuɗin otal da na jirgin sama zuwa tasha ta gaba duk a wuyansu yake.

Wannan ne ainihin abin da kake saye idan ka biya rangadin kamfanin jirgi. Farashinsa yakan fi na waje tsada, abincinsa ba lallai ya burge ka ba, amma yana zuwa da alkawari guda mai nauyi: idan bas ɗinsu ta makara, ko dai jirgin ya jira ta, ko kamfanin ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Sai dai ga mutum mai tafiya da dattijuwa, ba zan ba da shawarar babban rangadin nan da yake alkawarin nuna maka dukkan Rum a yini ɗaya ba. Mutum arba'in ko hamsin ne suke bin mai jagora ɗaya, yana tafe yana magana ta na'urar kunne, kuma saurin tawagar ba ya la'akari da gwiwar kowa. Mahaifiyarka za ta wuni tana ƙoƙarin kada a bar ta a baya, kai kuma ka wuni kana waiwayenta, babu wanda zai ga abin kirki a cikinku.

Akwai hanya ta tsakiya da mutane da yawa ba sa lura da ita a jerin rangadin da ake sayarwa, wato bas ɗin kamfanin da take kai ku tsakiyar Rum kawai, ta sauke ku, a faɗa muku wuri da lokacin haɗuwa, ku yi yininku yadda kuka ga dama. Da wannan kun sami lamunin dawowa jirgi, kun kuma sami 'yancin tafiya a hankali. A ganina ita ce ta fi dacewa da ku. Idan aljihu zai ɗauka, direba mai lasisi da aka yi yarjejeniya da shi tun kafin tafiya ya fi ta sauƙi, domin zai ɗauke ku daga gindin jirgi ya riƙa sauke ku kusa da kowane wuri, sai dai shi ba ya ɗauke da lamunin kamfani, don haka ku ƙulla da shi a rubuce cewa zai baro Rum da ku ƙarfe 3 da rabi ko kafin nan.

Jirgin ƙasa shi ne mafi araha nesa ba kusa ba, kuma ga matasa masu ƙarfin ƙafa hanya ce mai kyau. Bas ɗin tashar ruwa tana sauke mutane a wani dandali da ake kira Largo della Pace, daga nan zuwa tashar jirgin ƙasa tafiyar kimanin minti 20 ce a ƙasa, ko a hau wata bas. Jirgin yankin yana tsayawa a tashar San Pietro, wadda take tafiyar minti goma daga dandalin Batikan, mazaunin Fafaroma, sannan Trastevere, da Ostiense, har zuwa babbar tashar Termini, kuma tafiyar takan ci daga kusan awa ɗaya zuwa awa ɗaya da minti ashirin gwargwadon inda za ka sauka. Idan tikitin takarda ka saya, sai ka buga shi a ƙaramar na'urar da ke tasha kafin ka hau, in ba haka ba tara ce. Abubuwa biyu ne suke cin mutane a dawowa. Na ɗaya, a Termini jiragen Civitavecchia sukan tashi ne daga layukan da ke can ƙarshen tasha, tafiyar kusan minti goma daga babban zaure, kuma mutum yakan iso tashar a kan lokaci amma ya rasa jirgin. Na biyu, wanda ya hau daga San Pietro da yamma yakan tarar jirgin ya riga ya cika tun daga Termini, ya yi tafiyar a tsaye, abin da ba zan so wa mahaifiyarka ba bayan yini guda na zirga-zirga. Ƙa'idar da nake bai wa duk mai bin wannan hanya ita ce, jirgin da ka shirya dawowa da shi ya zama akwai wasu guda biyu a bayansa da za su iya kai ka a kan lokaci idan ya kuɓuce maka ko aka soke shi.

Ka kuma bincika ko ranar ta faɗo a kan yajin aikin sufuri, domin a Italiya abu ne da yake faruwa a kai a kai, amma ana sanar da shi tun da wuri. A ranakun aiki akwai lokutan da doka ta tilasta jiragen yanki su yi aiki ko da ana yajin, wato ƙarfe 6 zuwa 9 na safe da ƙarfe 6 zuwa 9 na dare. Ka lura da tarkon da ke cikin wannan: jirgin safe zai kai ka Rum lafiya lau, amma na dawowa da aka lamunce ba zai fara ba sai ƙarfe 6, lokacin da aski ya riga ya zo gaban goshi. Ranar yaji, jirgin ƙasa ya fita daga lissafi kwata-kwata.

Yanzu sai abin da za a gani. Kusan duk wanda ya zo Rum a karon farko yana son ya shiga Kolosiyam, wato tsohon katafaren filin wasan Rumawa, ya kuma shiga gidajen tarihin Batikan a yini ɗaya, ni kuwa amsata a kullum ita ce taura biyu ba ta taunuwa. Wuraren biyu suna ɓangarori daban-daban na gari, kowanne yana bukatar tikiti mai ƙayyadajjen lokaci da aka saya tun makonni kafin ranar, kuma kowanne yana cin awa biyu zuwa uku idan ana so a fahimci abin da ake kallo. Mai haɗa su zai yi yininsa yana duba agogo a cikin tasi.

Idan Kolosiyam ka zaɓa, ka san cewa sarki Basbasiyan ne ya fara gina shi wajen shekara ta 72, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80, kuma yana ɗaukar 'yan kallo kimanin 50,000. Tikitinsa yana ɗauke da sunan mai shi, ana kuma iya neman katin shaida a ƙofa, don haka sunan da ka rubuta ya dace da na fasfo. Tikitin ya haɗa da kangon tsohon dandalin mulkin Rumawa da tudun Palatino, sai dai can ƙasar ba ta da daidaito, duwatsu ne da hawa da sauka, inuwa kuma kaɗan ce. A cikin Kolosiyam ɗin kansa akwai lif zuwa bene. Kada ka ɗauki lokacin shiga da ya gaza ƙarfe 10 da rabi, domin idan hanya ta riƙe ku kuka wuce lokacinku, tikitin na iya lalacewa.

Idan kuma Batikan ne, ka fara da duba ranar mako. Gidajen tarihinta a rufe suke ranar Lahadi, in ban da Lahadin ƙarshen wata da ake shiga kyauta, ranar kuwa cunkoson ba ya misaltuwa. Ranar Laraba da safe, idan Fafaroma yana ganawa da jama'a a dandali, ba a buɗe majami'ar San Pietro ga masu yawon buɗe ido sai bayan an tashi. Shiga majami'ar kyauta ne, amma layin binciken tsaro kan kai awa ɗaya a rana tsaka lokacin da baƙi suka yi yawa, kuma ba a barin mai buɗaɗɗiyar kafaɗa ko gwiwa ya shiga. Ɗakin ibadar Sistina, wanda Michelangelo ya zana rufinsa tsakanin 1508 da 1512, yana can ƙarshen dogayen zaurukan gidan tarihin, sai an yi doguwar tafiya cikin turmutsitsi kafin a kai gare shi, kuma ƙofar gidan tarihin tana bayan ganuwa, tafiyar minti goma sha biyar daga dandalin.

Da ni ne nake tsara muku yinin, da ba zan shigar da ku ko ɗaya daga cikin biyun ba. Rum birni ne da mafi yawan kyansa yake a waje, a kan titi, ba tare da tikiti ba. Ku fara daga dandalin San Pietro ku kalli majami'ar daga waje, ku gangaro zuwa Castel Sant'Angelo, wanda asalinsa kabarin sarki Hadiriyan ne, ku haye gadar kogin Tiber, ku shiga dandalin Navona, wanda har yanzu yake riƙe da siffar filin wasan da aka gina shi a kai, inda maɓuɓɓugar ruwan da masassaƙi Bernini ya kammala a 1651 take wakiltar manyan koguna huɗu, cikinsu har da Nilu. Daga nan tsohon haikalin Pantheon bai fi tafiyar minti biyar ba, maɓuɓɓugar Trevi da aka kammala a 1762 kuma tana gaba da minti goma. Duka tafiyar kimanin kilomita 3 ce, babu hawa mai wahala, kuma a kowane mataki akwai wurin zama. Idan an gama, sai ku ɗauki tasi zuwa Kolosiyam ku zagaya shi daga waje, domin girmansa daga waje ma ya isa ya cika ido, sannan ku nufi wurin haɗuwa.

Wuri ɗaya da zan nace ku shiga shi ne Pantheon, wanda tun watan Yuli na 2023 ake biyan kuɗi kaɗan kafin shiga. An gina shi a zamanin Hadiriyan wajen shekara ta 125, kuma yana tsaye da rufinsa na asali har yau. Za ku wuce tsakanin ginshiƙai 16 na dutse, kowanne guda ɗaya ne da aka sassaƙo daga Masar aka ɗauko ta ruwa, ku ratsa manyan ƙofofin tagulla, sai ku tsinci kanku a ƙarƙashin ƙubba mai faɗin mita 43, wadda har yanzu babu ƙubbar kankare marar ƙarfe a ciki da ta kai ta girma a duniya. Babu taga ko ɗaya. Hasken duka yana shigowa ne ta wata kafa mai faɗin kimanin mita 9 a tsakiyar rufin, yana sauka a bango kamar faifai, yana matsawa a hankali yayin da rana take tafiya. Idan ana ruwa, ruwan yana zubowa ta kafar har ƙasa, kuma idan ka duba daɓen da kyau za ka ga ƙananan ramukan da suke shanye shi. Akwai kujeru a ciki, don haka mahaifiyarka za ta iya zama ta ɗaga kai ta kalla a natse, minti ashirin kuma sun isa. Ban san wani wuri a Rum da yake bai wa mai gajeren lokaci da raunin ƙafa abin da wannan ginin yake bayarwa ba.

Game da jin daɗinta, ka kula da ƙananan abubuwa. Titunan tsakiyar gari an shimfiɗe su da ƙananan baƙaƙen duwatsu masu santsi da gaɓa-gaɓa, saboda haka takalmi mai taushin ƙasa wanda ƙafa ta saba da shi wajibi ne, sabon takalmi kuwa a bar shi a jirgi. A watannin Yuli da Agusta zafin rana yana da tsanani, amma akwai famfunan ruwan sha na ƙarfe a kusan kowace unguwa, suna zuba dare da rana, ruwansu mai sanyi ne kuma kyauta, sai ku riƙe gora ku riƙa cikawa. Bayan gida na jama'a ba shi da yawa, hanyar da aka saba ita ce a shiga shagon shan kofi a sayi wani abu a yi amfani da nasu. Tasin gari farare ne masu mita, kuma an fi samun su a matsayarsu da ke manyan dandali fiye da tsayar da su a hanya. Maganinta na yini, har da na dare don gudun ko-ta-kwana, ya kasance a jakar hannu.

'Yan sane suna aiki a inda baƙi suke cunkushewa, musamman a jirgin ƙarƙashin ƙasa, da tashar Termini, da bas mai lamba 64 da take zirga-zirga tsakanin Termini da Batikan. Ba su da tashin hankali, gwanintarsu a hannu take, don haka jaka a gaba da zif a rufe ta wadatar. Ku raba kuɗi da katunan banki tsakaninka da maiɗakinka. Kowa ya riƙe katinsa na jirgi, domin da shi ake komawa ciki. Batun fita da fasfo kuwa, ka bi abin da jirgin ya sanar a takardar yini. Idan an ce a bar shi a ɗaki, ka sa shi a akwatin ajiya inda ma'aikata za su same shi in bukata ta taso, ka riƙe hotonsa a waya da kwafin takarda a aljihu.

Atina ta fi sauƙi ta kowace fuska, kuma a nan ba na ganin dalilin biyan rangadin kamfani. Tasi daga Piraeus zuwa gindin Akrofolis, tudun tsofaffin haikalai da ke tsakiyar Atina, bai cika wuce rabin awa ba idan hanya a buɗe take. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari da yake kai mutum unguwar Monastiraki da ke kusa da Akrofolis cikin kimanin minti 20, sai dai tasharsa tana da ɗan nisa daga inda jiragen yawon buɗe ido suke tsayawa, don haka ku da kuke mutum uku tasi ya fi muku. Abin da za ka kiyaye tun kafin ku sauka shi ne agogo: Girka tana gaban Italiya da awa ɗaya, jirgin zai sanar da daren da za a gyara agogo, kuma lokacin da jirgi yake bi shi ne hukunci, ko da wayarka ta nuna wani abu daban. Ka daidaita agogon hannunka da na bakin matakala kafin ka taka ƙasa.

Akrofolis yana buɗewa ƙarfe 8 na safe, kuma tun watan Satumba na 2023 aka ƙayyade masu shiga zuwa mutum 20,000 a rana, kowa da lokacinsa a tikiti. Ku nemi lokacin farko da za ku iya cimma, domin daga wajen ƙarfe 9 da rabi manyan bas na jiragen ruwa suke fara sauke jama'a, kuma a ranakun tsananin zafi hukuma takan rufe wurin da tsakar rana. Hawan tudun yana da wuya, duwatsun marmara na bakin ƙofar sun goge saboda sawun mutane har sun yi santsi ko ba ruwa. Akwai lif da aka tanadar wa masu lalurar tafiya, amma sai an tuntuɓi masu kula da wurin tukuna a tabbatar yana aiki kuma mahaifiyarka ta cancanta. Idan hakan bai yiwu ba, kada ka matsa mata. Gidan tarihin Akrofolis da aka buɗe a 2009 yana gindin tudun, da lif da na'urar sanyaya ɗaki da kujeru, benensa na sama kuma gilashi ne ko'ina, ana hango haikalin Parthenon da aka gina tsakanin 447 da 432 kafin haihuwar Annabi Isa sarai daga ciki. A can ne aka ajiye biyar daga cikin mutum-mutumin mata shida da suka ɗauki rufin shirayin wani haikali na Akrofolis a kansu, ta shidan tana Landan. Mahaifiyarka da maiɗakinka za su iya zama a nan yayin da kai ka hau ka sauko cikin awa ɗaya da rabi, sannan ku haɗu ku ratsa tsohuwar unguwar Plaka, in da sauran ƙarfi ku ƙarasa dandalin Syntagma ku ga canjin masu gadi da ake yi a kowace awa. Ku baro gari da awa biyu kafin lokacin rufe ƙofar jirgi, saboda hanyar Piraeus takan cunkushe da yamma.

Akwai wani abu da ba ka tambaya ba amma ya fi duk waɗannan muhimmanci idan fasfonku na bukatar biza. Italiya da Girka suna cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, amma Turkiyya da Montenegro, waɗanda jiragen wannan hanya suke yawan tsayawa a cikinsu, ba sa ciki. Idan jirginku zai fita yankin ya sake shigowa, biza mai shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba, sai mai shiga da yawa, kuma kamfanin yana iya hana ku hawa tun a ranar farko idan takardun ba su cika ba, ko da kun ce ba za ku sauka a waccan tashar ba. Ka jera tashoshin ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kamfanin a rubuce.

Idan duk da wannan shiri wani abu ya riƙe ku a hanya, kada ka jira sai ka ga ƙarshen lamarin kafin ka yi magana. A takardar shirin yini akwai suna da lambar wayar wakilin kamfanin a wannan tashar, ka ɗauki hotonta tun da safe, maiɗakinka ma ta ɗauka a tata wayar. Da zarar ka ga alamar ba za ku kai ba, ka kira shi ka faɗi lambar ɗakinku da inda kuke da mintin da kake zaton ya rage muku, domin kyaftin ya fi iya yin haƙurin minti goma ga wanda aka san inda yake fiye da wanda ba a ji ɗuriyarsa ba. Kuma idan jirgin ƙasa ya tsaya cak ko aka soke shi alhali lokaci yana tafiya, ku fito ku ɗauki tasi kai tsaye zuwa Civitavecchia ko nawa ne kuɗinsa, ka nuna wa direba sunan jirginku a kan katin domin ya san ƙofar da zai nufa.